Ko Ya Halatta a Ƙawata Hoton Lalacewar Samari?

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana damun iyaye da malamai game da finafinan da suke nuna rayuwar yaran da suka kangare. Idan mai shirya fim ya ɗauki faɗan daba, da shaye-shaye, da gidan da ya watse, ya zuba su cikin hoto mai ɗaukar ido har mai kallo ya kasa kawar da kai, gargaɗi ya yi ko kuwa talla? Irin wannan tambaya ba ta amsuwa sai an ɗora ta a kan fim guda, an dube shi da kyau. Na zaɓi wani fim na Amurka mai suna Rumble Fish, domin da wuya a sami wanda ya fi shi ƙawata hoto alhali labarinsa na baƙin ciki ne daga farko har ƙarshe.

Francis Ford Coppola ne ya shirya shi, wato mutumin da ya yi suna da The Godfather a 1972. Ya fito a 1983, an kuwa ɗauke shi a birnin Tulsa na jihar Oklahoma, daga littafin da wata marubuciya 'yar garin, S. E. Hinton, ta wallafa a 1975. Kasuwa ba ta karɓe shi ba. An kashe masa kimanin dala miliyan 10, abin da ya dawo daga gidajen silima na Amurka bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Sai daga baya mutane suka riƙa komawa gare shi.

Labarin wa ne da ƙane. Ƙanen, Rusty James, wanda Matt Dillon ya fito a matsayinsa, ba shi da buri a duniya sai ya zama kamar wansa, wanda ake yi wa laƙabi da Motorcycle Boy, wato Yaron Babur. Wan shi ne tsohon shugaban 'yan dabar unguwa, har sunansa na rubuce a jikin bangaye, amma ya gaji da wannan sarauta, ya hana faɗan ƙungiya, ya yi tafiyarsa California. Uwarsu ta gudu tun suna ƙanana. Ubansu mashayi ne, mai ilimi da iya magana, wanda ba ya iya riƙe ko da kansa balle 'ya'yansa. Tun farkon fim ƙanen ya karya dokar wan ya je faɗa, aka tsaga masa ciki da gilashi a daidai lokacin da wan ya dawo. Daga nan sai mu bi su kwanaki kaɗan, ƙanen yana ta roƙon a koma zamanin da, wan kuma yana ta ƙoƙarin nuna masa cewa babu kome a wancan zamanin. Ya ma gaya masa cewa wanda zai ja mutane dole ya kasance yana da inda zai kai su, shi kuwa ba shi da shi.

Abin da ya bambanta fim ɗin shi ne hotonsa. Baƙi da fari ne, a lokacin da fim mai launi ya riga ya zama ruwan dare. Hayaƙi yana tashi a titi ba tare da an ga wuta ba. Gajimare yana gudu a sama kamar ana korarsa. Inuwoyi sun yi tsawo fiye da kima, wasu ma fenti aka sa aka zana su a bango, kamar yadda masu fim na Jamus suka yi a shekarun 1920. Mai saurin yanke hukunci zai ce duk wannan ado ne da burga. Amma akwai dalili a cikin labarin kansa: Yaron Babur ba ya bambanta launi, kunnensa kuma yakan toshe, saboda haka duniya a wurinsa kamar talabijin ce baƙi da fari da aka rage wa murya. Ku lura da abin da Coppola ya yi a nan. Labarin na ƙane ne, amma idon da muke kallo da shi na wan ne. Wannan kuwa shi ne ainihin ciwon Rusty James: ya ari idon wani yana kallon duniya, ya ari tafiyarsa da sunansa, har bai san yana da nasa ba. Da mai wa'azi ne zai faɗi wannan, da jimla guda ta ishe shi, mai sauraro kuma ya manta kafin ya isa gida. Fim ɗin ya sa mai kallo ya zauna cikin wannan aron ido na sa'a ɗaya da rabi, har ya ji ƙuncinsa a jikinsa.

Haka kuma agogo. Kusan ko'ina aka juya akwai agogo a bango, akwai ma wani ƙato da ba shi da hannu ko ɗaya. Yaro yana ganin lokaci ba ya ƙarewa, alhali yana tsiyayewa a bayansa.

Ikilisiya ba ta bar mu ba jagora a kan wannan batu. A ranar 4 ga Disamba 1963 Majalisar Vatikan ta Biyu ta fitar da takardar Inter Mirifica game da kafofin sadarwa. A cikinta an yarda cewa nuna mugunta a labari ko a hoto yana iya taimaka wa mutum ya ƙara fahimtar ɗan Adam, har ya fito da darajar gaskiya da nagarta, amma da sharaɗin a yi shi da kamewa, don kada ya cuci rayukan da ake so a amfana. Ashe ke nan ba a hana mai fim ya nuna duhu ba. Abin da ake tambayarsa shi ne ina adonsa yake jan zuciyar mai kallo.

A nan ne nake ganin masu suka suna da hujja, kuma ba ƙarama ba. Faɗan farko na fim ɗin wani gwanin tsara rawa ne, Michael Smuin, ya shirya shi, kuma kamar rawa yake a ido: walƙiya, da ruwa mai fesowa, da jiki mai juyawa. Mickey Rourke, wanda ya fito a matsayin wan, yana magana a hankali, yana murmushi kamar wanda ya san wani sirri. Bakinsa yana cewa kada a bi shi, amma kyamara ta ɗora masa kwarjinin da ya fi ƙarfin maganarsa. Yaro ɗan shekara 14 zai iya tashi daga kallo babu abin da ya riƙe sai babur da sigari da suna a bango, wato ya faɗa ramin da Rusty James ya faɗa. Ga kuma ashar da tsiraici, abin da ya sa a Amurka aka sa shi a sahun finafinan da ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya shiga sai da babba. Ba zan ba ƙaramin yaro shi ya kalla shi kaɗai ba. Amma saurayin da ya fara hankali, tare da uba ko malamin da zai tambaye shi abin da ya gani, zai ƙaru da shi. Wanda ya fi kowa bukatar kallonsa kuwa shi ne duk mai ƙane a gida.

Abu ɗaya ne yake da launi tun daga tsakiyar fim: kifayen faɗa na ƙasar Siyam, wadda yau ake kira Tailan, ja da shuɗi, a wani kantin sayar da dabbobin ado. An raba su da juna don kada su kashe juna, in kuma aka kafa wa ɗaya madubi sai ya far wa hoton kansa. Yaron Babur ya gaskata cewa da suna cikin kogi, inda akwai fili, da ba su yi faɗa ba. Akwai gaskiya a wannan, domin ƙunci da talauci da rashin uwa suna haifar da faɗa, kuma wanda ya musanta haka bai zauna da irin waɗannan yara ba. Sai dai ba ita ce gaskiya duka ba. Mutum yana da zaɓi, kifi ba shi da shi, kuma shi kansa wan ya je har California ya dawo da ciwonsa yadda ya tafi da shi. Af, kifin nan ma na ruwan ɗumi ne, da wuya ya tsallake hunturu a kogin Oklahoma. Maganin da wan ya kawo yana da kyan gani, amma ba ya warkarwa.

Da dare ya fasa kantin, ya saki dabbobin, ya ɗauki kifayen ya nufi kogi. Wani ɗan sanda da ya daɗe yana haƙonsa ya harbe shi kafin ya isa. Rusty James ne ya tsinci kifayen ya ƙarasa da su ruwa. Da aka danna shi a jikin motar 'yan sanda sai ya ga fuskarsa a gilashi, da launi, karo na farko ke nan da muka gan shi da idonsa na kansa, sai ya kai wa gilashin naushi kamar yadda kifin yake yi wa madubi. Bayan haka ya hau babur ya bi hanya har bakin teku, inda wansa ya ce shi bai taɓa kaiwa ba. Yaron da aka bari shi kaɗai a gida kwana 3 yana ɗan shekara 2, wanda tun daga ranar ba abin da yake tsoro kamar kaɗaici, ga shi tsaye shi kaɗai a gaban ruwa, tsuntsaye suna shawagi a kansa. Fim ɗin bai nuna mana wanda ya tarbe shi a can ba.