Kawun Haya

Malam Sule dillalin shanu ne a Gumel, kuma abin da iyalinsa za su ci na mako guda a kasuwar Maigatari yake samo shi ranar Alhamis. Tun asuba yake fita, domin kafin hantsi kara ta cika da shanu da raƙuman da Buzaye da Fulani suka tsallako da su daga Nijar, 'yan kudu kuma sun jera tireloli suna jira. Dillali a irin wannan rana yana bukatar wanda zai riƙe masa igiya, ya kuma tuna masa wanda bai biya la'ada ba. Ɗansa na fari, Habibu, shi ke wannan aiki. Yana aji biyu a ƙaramar sakandare.

A farkon shekarar karatu makaranta ta ba kowane yaro takarda mai shafi biyu ya kai gida. An rubuta lokacin zuwa, da kayan makaranta, da hana shiga da waya. An ce wanda ya yi fashi ya zo da dalili daga gida, in kuma aka kira uba to uban ake nufi, ko wanda yaro ke hannunsa. Da Turanci aka rubuta. Malam Sule da ajami yake rubuta basussukansa, bai san ta inda boko ya fara ba. Ya juya takardar gaba da baya, ya ce malamai ai sun fi kowa sanin aikinsu, ya dangwala yatsa, ya miƙa wa yaron.

Malamin ajin su Habibu, Malam Bashir, shi ya fara lura. A rajista layin yaron cike yake daga Litinin zuwa Laraba, da Juma'a, amma kowace Alhamis fanko. Ga shi ranar ce ake darasin lissafi ninki biyu, kuma a cikinsa malamar lissafi ke yin gwaje-gwajen da ake tara makinsu a haɗa da na jarrabawar ƙarshen zango. Aka ba Habibu takardar kiran uba, ta ɓace a hanya. Aka ba shi wata, aka ce kada ya sake taka aji sai da babansa.

Habibu ya rasa yadda zai yi. In ya gaya wa Baba, to kamar ya ce Baba ne mai laifi. A bakin titi kusa da makarantar akwai wani mai faci, Ɗanladi, wanda manyan ɗalibai suka san sana'arsa ta biyu. Naira ɗari biyar yake karɓa, ya wanke hannu, ya zura babbar riga, ya zama kawun duk wanda ya biya.

Ɗanladi ya iya aikinsa. Ya shiga ofis da sallama, ya ce mahaifin yaron ya yi tafiya, ya saurari ƙorafi yana girgiza kai yana salati. Don a tabbatar da kawuntakarsa har ya juya ya zabga wa Habibu mari. Malam Bashir ya ba shi haƙuri, sannan ya tambaye shi a hankali, “To Kawu, ina yake zuwa ne ranar Alhamis?”

“Yawon banza mana, Malam! Ƙwallo!”

Malam Bashir ya yi masa godiya, ya raka shi har ƙofa. Yaron da ke zuwa ranar Juma'a da kanta a tafin hannu yana gyangyaɗi ba daga filin ƙwallo yake ba.

Bayan Magariba Malam Bashir ya biya wa mai unguwa, wanda yake cikin kwamitin kula da makarantar, suka yi sallama a zauren Malam Sule. Aka gaisa, aka sha ruwa, sannan malamin ya ce ya zo godiya ne da aka turo kawun yaro.

“Wane kawun?” in ji Malam Sule.

Da aka warware masa zancen ya daɗe bai ɗago kai ba. Mai unguwa ne ya katse shirun. “Sule, shekara nawa muna tare, ban taɓa ganin ka sa baki a cinikin saniya ba ka buɗe bakinta ka duba haƙora ba. Takardar ɗanka kuwa ka dangwala mata hannu ido rufe. Wurin zaman da ka bari a makaranta, ai ka ga wanda ya zauna.”

“Ranka ya daɗe, ni fa na ɗauka karatun gwamnati ne, na kai shi na gama nawa.”

Malam Bashir ya ce, “Baba, kyauta ne, amma dole ne kuma. Tun da Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004, shekara shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare hakki ne a wuyan uba ya ga ɗansa ya kammala. Har hukunci aka rubuta, daga jan kunne zuwa tarar naira dubu biyar ko wata biyu a gidan yari. Amma ni ba doka na kawo maka ba.” Ya buɗe rajista a ƙarƙashin fitila ya bi layin da yatsa. “Badi zai zauna jarrabawar fita aji uku. Yaron nan yana lissafin la'ada da ka, ya fi ni sauri, amma a takarda shi ne na kusa da ƙarshe, saboda ranar da ake auna shi ba ya nan.”

Malam Sule ya kalli guraben, bai bukaci a karanta masa ba. Sai dai shi ma yana da tasa.

“Na ji, Malam, na kuma ɗauki laifina. To ku fa? Kun aiko min doka da harshen da ba na ji. Taron iyaye da kuka kira bara, wace rana kuka sa?”

Malamin ya yi shiru, domin Alhamis ce. Rabin iyayen makarantar ranar suna Maigatari, wasu da awaki, wasu da buhunan riɗi, malamai kuma suka zauna a aji kusan fanko suna cewa mutanen garin nan ba su damu da karatun 'ya'yansu ba. Mai unguwa ya ce wannan magana shi zai kai ta gaban shugaban makaranta da kansa.

Taron da ya biyo baya ranar Asabar aka yi shi, aka karanta dokokin ɗaya bayan ɗaya da Hausa, aka yi ta gardama a kan na aski har azahar. Aka rubuta lambar wayar kowane uba ko uwa. Malam Sule ya ɗauki wani almajiri babba yana riƙe masa igiya, yana biyansa daga la'adarsa, yana kuma mita duk mako cewa bai kai yaron nan ido ba. Habibu sai lokacin hutu yake bin sa kara.

Ɗanladi kuwa, Malam Sule da ƙafarsa ya same shi yana tsoma tayar babur a ruwa.

“Kai ne ƙanin nawa da ban sani ba? Kawo ɗari biyar ɗin yaro.”

Ɗanladi ya laluba aljihu ya ƙirgo, yana ba da haƙuri.

“Marin fa? Shi nawa ya biya ka?”

“Wallahi Alhaji, wannan gyara na yi masa.”