Anko: Kwalliyar Wuni Ɗaya, Bashin Shekara

 

'Yan uwa Musulmi na Kankiya da Kusada, da zarar an gama kaka an kai amfanin gona gida, sai bukukuwa su ɓarke, daga Rimaye zuwa Kafin Soli, daga Yashe zuwa Mawashi. Aure sunna ce, Allah ya ƙara albarka. Sai dai akwai abin da ya biyo bikin yana cinye rumbunanmu, wato anko. Na kamu daban, na wunin biki daban, na walima daban, ƙawaye da nasu, dangin ango da nasu. Ko sadaki ba a kai ba an riga an aika Kantin Kwari an zaɓo, an watsa hoton a WhatsApp da farashinsa. Wadda ba ta yanka ba, a ce ba ta son zumunci.

Wata baiwar Allah ta sayar da tunkiyar da take kiwo ta yi ankon leshi. Ta sa shi daga la'asar zuwa isha'i, ta ninke ta jefa ƙasan akwati. Da wani bikin ya taso aka ce ta ɗauko shi, sai ta ce: "Haba, ai an riga an gan ni da shi a hoto." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Tufar da ko wanki ba ta gani ba ta tsufa saboda hoto? Yaushe maimaita kaya ya zama abin kunya, cin bashin dillaliya kuma ya zama abin ado? Ana zuba adashi, kwasa ta ƙare a wurin mai atamfa, yaro kuwa yana zuwa makarantar allo da riga a yage. Ku ji tsoron Allah!

Ku ma maza ban ƙyale ku ba. Abokan ango, kowane ɗaurin aure sai sabuwar shadda da hula mai kalarta, tela yana bin ku kuɗin ɗinkin ƙaramar salla har babba ta zo. Kai kuma maigida, buhun geron da ka fitar don kada a raina iyalinka a gidan biki, shi za ka nema a tsakiyar damina ka rasa.

Iyayena mata, ƙannena, kada ku ɗauka addini ya hana ado. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Allah yana son kyau. Amma a Suratul A'araf, ayar da ta umarce mu da yin ado idan za mu masallaci, ita ce dai ta hana ɓarna. A Suratul Isra'i kuma an haɗa masu almubazzaranci 'yan uwantaka da shaiɗanu. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin cewa Manzon Allah yana ɗinke tufarsa da hannunsa, yana gyara takalminsa. Fiyayyen halitta bai ji kunyar faci ba, wace ce ke, wane ne kai?

Ku duba yadin nan mai sheƙi da araha. Mafi yawansa roba ce da aka sarrafa daga man fetur. Ku kusantar da ƙyallensa ga wuta, za ku ga ya narke ya dunƙule kamar leda. Ba ya ruɓewa. In ya koɗe aka watsar a juji, da bazara a kwashe jujin a kai gona da sunan taki, garma ta riƙa tono tsummokara shekara da shekaru. Wani ya toshe kwalbati, ruwa ya shiga gidan maƙwabci. Wani akuya ta haɗiye ta yi ta ramewa, sai mahauci ya farke tumbi a ga abin da ya cinye ta. Duk wannan haƙƙi ne, kuma za a tambaye mu.

Arahar ma da jinin wasu a cikinta. A shekarar 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a Bangaladash, mutum sama da 1,100 suka mutu, galibinsu masu ɗinka wa duniya kayan yayi a kan ɗan ƙaramin albashi. Mu kuma da Allah ya ba ƙasar auduga, Funtuwa da Bakori da Malumfashi, mun zuba ido masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, muna rububin na waje. Kakanninmu in zane ya koɗe marina suke kai shi ya dawo sabo, riga ɗaya uba ya sa, ɗa ya gada.

Hukuncin a taƙaice: sa kaya iri ɗaya halal ne. In tilastawa ta shigo, ko bashin da babu halin biya, ko fariya, ko ɗinkin da ke bayyana tsiraici, to ya zama saɓo.

Uwar biki, ki tausaya wa dangi, ki ce kowa ya zo da abin da yake da shi. In dole sai an yi, a tsaya a kan atamfa ɗaya mai ƙarko wadda talaka zai iya saya. Abin da ya yage a kai wa tela, abin da ya matse a buɗa shi. Wanda ke jibge a akwati kuwa, ku fito da shi tun yana da kyau ku ba marayu da zawarawan unguwa, kada ku jira sai ya zama tsumma. Sayen gwanjo mai tsafta ma ba aibi ba ne, daidai ruwa daidai tsaki.

Allah ya azurta mu da wadatar zuci, ya biya wa masu bashi bashinsu, ya suturta mu duniya da lahira.