Ladan Ƙwadago: Na Aiki Ne Ko Na Mai Aiki?

'Yan'uwa, idan kaka ta yi a Babban Duhu, mace da namiji sukan wuni suna roron wake, amma sau da yawa ladanta ba ya kai nasa. Wai don ita mace ce. Bafulatani mai neman ƙwadago a Batsari ko Safana kuwa, tun da 'yan bindiga suka addabi yankin, akan yanke masa hukunci kafin ya buɗe baki. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana hukuma nuna bambancin jinsi ko ƙabila. Amma ba hukuma ke biyan lada a bakin gona ba. Maigona ne, wani lokaci ma wanda muke zama benci ɗaya da shi ranar Lahadi.