Hukuncin Dukan Yaro Da Wayar Wuta Da Sunan Tarbiyya

Tambaya: Malam, ɗana shekararsa 9. Sai an yi da gaske yake sallar asuba, kuma in an aike shi yakan ɓoye canji. Mahaifinsa yana zane shi da wayar wuta har jikinsa ya yi rudu-rudu, in na yi magana sai ya ce ka ƙi naka duniya ta so shi. Yanzu yaron ya koyi ƙarya. Shin wannan dukan ya halatta?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

'Yar'uwa, wannan dukan da kika siffanta bai halatta ba, kuma maigidanki yana ɗaukar alhaki a kansa, ko da niyyarsa gyara ce. Hadisin da iyaye suka fi kafa hujja da shi, wanda Abu Dawud ya ruwaito, ya yi umarni ne a sa yara salla suna da shekara 7, ya kuma ɗage maganar duka sai sun kai 10. Shekara uku ke nan na tunatarwa, sau biyar kullum. To in sallar da ita ce ginshiƙin addini an jinkirta duka a kanta, ina ga canjin cefane? Ɗanki ma bai kai shekarun ba tukuna.

Ko ga wanda ya kai, malamai sun gindaya sharuɗɗa: kada a taɓa fuska, domin Bukhari da Muslim sun ruwaito hani a kan haka, kada dukan ya fasa fata ko ya bar tabo, kada a yi shi cikin fushi. Muhammad ɗan Sahnun, malamin Malikiyya na Ƙairawan da ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya taƙaita malamin makaranta a bulala uku a kan karatu. Uban da ya dawo daga kasuwa ransa a ɓace ya fizgo waya daga bango, huce haushinsa yake yi.

Ƙaryar da kika lura da ita kuwa ɗiyar dukan ce. Ibn Khaldun ya yi bayanin wannan a Muƙaddimarsa: yaron da aka rene shi da tsanani yakan koyi ƙarya da yaudara don ya tsira daga hannun mai dukansa. Na sha ganin haka a makarantar allo, yaro ya iya rantsuwa kafin ya iya alwala.

Ku dubi yadda Annabi (SAW) ya yi da Umar ɗan Abu Salama, agolansa, lokacin da hannunsa ke yawo cikin akushi. Kiransa ya yi a hankali, ya ce ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci na gabansa. Umar ya ce tun daga ranar haka yake cin abinci. Anas ɗan Malik ma ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara 10 bai taɓa jin ko tsaki daga gare shi ba.

Don haka mahaifin yaron ya riƙa tashinsa da kansa, ya riƙe hannunsa su tafi masallaci tare, a kuma kwantar da shi da wuri. Canji kuwa a ƙirga kuɗin a gabansa kafin ya fita, a ƙirga in ya dawo. In ya ɓoye, ya biya daga kuɗin tararsa, ko a hana shi fita ƙwallo ranar. In ya amsa laifi da bakinsa, a sassauta masa, don ya gane gaskiya tana da riba. A yi masa faɗa a ɗaki, ba a gaban ƙannensa ko abokansa ba.

Ke ma ina ja miki kunne a kan baki. Uwaye da yawa ba sa ɗaga bulala amma suna tsinuwa, alhali Muslim ya ruwaito hani ga yi wa 'ya'ya mummunar addu'a, don kada ta dace da sa'ar karɓa.

Ki samu maigidanki lokacin da ransa ke sanyi ki karanta masa wannan amsa. In ya ƙi bari, ki kai maganar ga mahaifin maigidan ko limamin unguwarku, wannan ba tona asirin miji ba ne.

Allah ne mafi sani.