Wa Zai Biya La'adar Dillali?

Kowa ya san aikin dillali a kasuwa. Shi yakan tsaya tsakanin mai saye da mai sayarwa, ya daidaita su, idan ciniki ya faɗa a ba shi la'adarsa. Ba wanda ya ce la'ada haram ce, gama mutumin ya yi aiki. Gardama takan tashi ne a kan abu ɗaya: daga aljihun wa za ta fito? Wannan tsohuwar gardama ta sake tashi a ƙasar Amurka, a wurin likitocin haƙori. Bari mu duba ta, ya ku masu karatu, domin ko da yake ƙasar tana da nisa, tambayar da ke ciki ta gaskiya ce da adalci.

Dillalin da muke zance shi ne katin bashi. A shekara ta 1950 aka fara katin Diners Club a birnin Niyok. A 1958 kuma Bank of America ya fito da nasa a garin Fresno na jihar Kalifoniya, shi ne aka sa wa suna Visa a 1976. Ga yadda yake aiki. Mara lafiya ya miƙa kati, banki ya biya likita a madadinsa, shi kuma ya biya banki daga baya. Amma likita ba ya samun kuɗin duka. Idan aikin na dala 1,000 ne, akan cire wajen dala 20 zuwa 30. Bankin da ya ba da katin shi ne da babban rabo, sauran kuwa kamfanin katin ya raba da kamfanin da ya kawo na'ura da manhajar karɓar kuɗi.

Shekaru da yawa kamfanonin kati sun hana 'yan kasuwa ɗora wannan la'ada a kan mai saye. 'Yan kasuwa suka kai ƙara, aka yi sulhu a 2012, daga watan Janairu na 2013 kuma aka yardar musu, amma da sharaɗi. Kada ƙarin ya fi abin da ɗan kasuwa yake biya. A kafa sanarwa a bakin ƙofa da wurin biya. A rubuta ƙarin daban a kan rasit. Kada a ɗora shi a kan katin da ke cire kuɗi daga ajiyar mutum, sai katin bashi kaɗai. A 2023 Visa ta rage iyakar ƙarin daga kashi 4 zuwa kashi 3 cikin 100. Duk da haka jihohin Kanetikat da Masacusets sun hana shi, Kolorado ta sa masa nata ƙa'idodi, ƙasar Birtaniya kuwa ta hana shi tun watan Janairu na 2018. Ashe abin da doka ta yarda a wannan gari ta hana a wancan. Saboda haka doka kaɗai ba ta isa ta gaya mana abin da ke daidai ba. Sai mu auna da kanmu.

Mu fara jin likita. Zai ce, "Ina biyan haya, ina biyan ma'aikata, ina sayen kayan aiki masu tsada. Idan na karɓi dala 500,000 ta kati a shekara, dala 15,000 ta tafi wa dillali. Ni ban zaɓi katin ba, mara lafiya ne ya zaɓa. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka." Wannan magana tana da nauyi. Idan likita bai raba la'adar daban ba, ba ɓacewa za ta yi ba. Zai zuba ta cikin kuɗin aikinsa, kowa ya biya. Wato wanda ya zo da tsabar kuɗi zai ɗauki kayan da ba nasa ba. A 2010 masana a reshen Babban Bankin Amurka na Boston sun bincika wannan, suka ga lalle kuɗi yana tashi daga masu biya da tsaba zuwa masu kati, daga talakawa zuwa masu hali, domin masu hali su ne suka fi samun tukuicin da bankuna ke ba masu kati. In haka ne, raba la'ada a fili ya fi ɓoye ta adalci.

Amma kada mu yi saurin yanke shari'a, gama ɗakin likita ba rumfar mai atamfa ba ce. Mai sayen atamfa idan kuɗi bai yi masa ba sai ya wuce rumfa ta gaba, ko ya koma gida ya haƙura. Wanda haƙori ya hana shi barci kwana uku, kumatu ya kumbura, ba ya ciniki. Abin da aka ce masa shi zai biya. Sa'an nan mu tambaya, wane ne yakan biya likita da katin bashi? Akwai mai hali wanda yake neman tukuicin banki. Akwai kuma wanda ba shi da komai a ajiya, ciwo ne ya tilasta shi cin bashi. Irin waɗannan suna da yawa, domin a Amurka inshorar haƙori takan tsaya a wajen dala 1,000 zuwa 2,000 a shekara, shirin Medicare kuwa, wanda aka kafa a 1965 domin tsofaffi, tushensa ba ya biyan aikin haƙori na yau da kullum. Wannan mutum zai biya banki kuɗin ruwa, wanda a 2024 ya wuce kashi 20 cikin 100 a shekara. Idan likita ya ƙara masa kashi 3, an ɗora wa jakin da ya riga ya durƙusa. Ka ga ƙari ɗaya ne, a kan wani adalci, a kan wani kuwa nauyi.

Akwai kuma batun suna. Likita ɗaya ya ce aiki dala 100 ne, mai kati ya ƙara 3. Wani ya ce dala 103 ne, mai tsaba an yi masa rangwamen 3. Kuɗin ɗaya ne, amma zuciyar mutum tana jin zafin ƙari fiye da daɗin rangwame. Wannan magana ta kai har Kotun Ƙoli ta Amurka a 2017, sa'anda masu wani shagon gyaran gashi da waɗansu 'yan kasuwa suka ƙalubalanci dokar jihar Niyok. Kotu ta ce dokar tana taɓa yadda ake faɗin farashi ne, wato magana. Daga watan Fabrairu na 2024 jihar ta ce dole a nuna wa mai kati cikakken abin da zai biya tun kafin ya saya. Hikimar da ke ciki a bayyane take. Laifin ba ya cikin sunan, yana cikin mamaya. Farashin da aka faɗa a bakin ƙofa ya zama shi ne a wurin biya. Mudu biyu, ɗaya na kira ɗaya na awo, ha'inci ne ko da bambancinsu ƙanƙane ne.

To, manhaja fa? Kamfanonin da ke sayar da ita sukan yi talla cewa likita zai karɓi kati kyauta. Amma banza ba ta kai zomo kasuwa. La'adar tana nan, an dai juya ta kan mara lafiya. Manhaja mai kyau tana da amfani. Tana gane katin bashi da na ajiya daga lambobin farko, ta lissafa ƙarin, ta rubuta shi a rasit ba kuskure. Abin da ba ta iyawa shi ne duban fuskar mutum. Ba ta san gwauruwa ba, ba ta san wanda aka sallama daga aiki jiya ba. Haɗarinta ke nan, gama tana ba mutum wurin ɓuya. Akawu ya ce, "Ba ni ba ne, na'ura ce." Amma na'ura ba ta saita kanta. Wanda ya aiki yaro, shi ake tambaya abin da yaron ya yi.

Likitocin kansu sun san ɗacin wannan abu. Waɗansu kamfanonin inshora sukan biya su ta lambar kati, har likita ya yi hasarar la'ada kafin ya karɓi hakkinsa. Likitoci suka yi kuka, jihohi da dama kuma suka yi doka cewa a ba su wata hanyar karɓa. Wanda ya ƙi a yi masa haka ba da yardarsa ba, yaya zai yi wa wanda ke kwance a kujerarsa?

Ga abin da muka gani. Ƙarin ba zunubi ba ne, idan an kiyaye abu huɗu. Na ɗaya, a faɗa tun kafin a taɓa haƙorin, da baki, ba a ƙaramin rubutu kaɗai ba. Na biyu, kada ya wuce abin da likita ya biya, domin duk abin da ya hau kan wannan riba ce da aka sa wa rigar la'ada. Na uku, a buɗe wata hanyar biya marar ƙari. Na huɗu, likita ya bar wa kansa da akawunsa ikon yafewa ga wanda ciwo da rashi suka haɗu a kansa.

Mu ma a nan ba baƙin wannan gwaji ba ne. Mun tuna farkon 2023, sa'anda takardun naira suka yi wuya, yadda waɗansu masu POS suka ninka la'ada domin sun ga mutane ba su da mafita, waɗansu kuwa suka tsaya a kan abin da suka saba. Ya ɗan'uwa mai shago, mai kemis, ko mai asibiti, karɓi hakkinka, ba laifi. Amma ka faɗe shi a fili, ka auna shi daidai, kada kuma matsuwar maƙwabcinka ta zama kasuwarka. Allah ya ba mu ikon riƙe gaskiya a ƙaramin abu kamar yadda muke so a riƙe mana a babba.