Fasali A Kan Wanda Ya Cancanci Ƙirga Ɗa Bayan Rabuwar Aure

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ka sani, ya kai ɗan'uwa mai karatu, Allah Ya datar da mu da kai, miji da mata idan suka rabu sukan yi jayayya a kan abu uku: wa zai riƙe ɗa, wa zai ciyar da shi, wa kuma zai rubuta sunansa a takardar hukuma. Biyun farko malamai sun daɗe da warware su, alƙalan kotun Shahuci kuwa ba su rasa jin irinsu. Na ukun shi ne baƙo.

A zamanin harajin kai, mai unguwa yana ƙirga baligai, uba yakan rage wa ɗansa shekaru don kada a rubuta shi, har Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979. Sai ga dokar harajin albashi ta 1993 ta yi wa ma'aikaci rangwame saboda 'ya'yansa, huɗu ba ƙari, har adadin ya kai a cire Naira 2,500 don kowane ɗa daga dukiyar da haraji zai hau. Dubi halin ɗan Adam: da ƙirga take jawo biya ana ɓoye ɗa, da ta koma jawo sauƙi sai aka shiga ja-in-ja a kansa. An soke wannan rangwame daga baya, amma mas'alar tana nan duk inda ake rubuta yara don tallafi ko rabon zakka.

Uba zai ce: ɗana ne, da sunana ake kiransa. Ya yi gaskiya, nasaba tasa ce. Sai dai ba don nasaba aka yi rangwamen ba, an yi shi ne don sauƙaƙa wa wanda ɗawainiya ta danne. Ka san ƙa'idar fiƙihu, amfanin abu yana bin wanda hasararsa take kansa. Kai ɗan kasuwa, ba ka raba riba da wanda bai sa uwar kuɗi ba, bai kuma ɗauki kaya ba.

A mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Risala da Mukhtasar, reno na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. Ciyarwa da tufatarwa kuwa suna wuyan uba, ko da ɗan yana kwana a ɗakin uwarsa, haka nan zakkar fidda kai, shi zai auna masa sa'i. To, uban da yake sauke wannan, ƙirgar tasa ce, bai halatta uwa ta riga shi don fushin saki ba. Amma wanda ya shekara bai aika ko mudun gero ba, uwa tana dakau ko sayar da ƙosai tana ci da yaro, sa'an nan ya sa hannu a takarda cewa shi ke ciyarwa, wannan ya haɗa laifi biyu, shaidar zur da cin gumin wani. Ƙanƙantar kuɗin ba ta wanke shi.

A Amurka kwana suke ƙirgawa: wanda ɗan ya fi kwana a wurinsa cikin shekara shi ke da hakki, sai in ya sallama wa ɗayan a rubuce. Wannan ma'auni yana da sauƙi, amma a ganina ya gaza, domin a wurinmu sau da yawa ɗaki na uwa ne, hatsi na uba. Idan su biyu suka yi tarayya a ɗawainiya, adalci a raba gwargwadon abin da kowa ya kashe.

Ga wani abu da mata da yawa ba su sani ba, ya kamata almajiri ya isar musu. Ciyarwar ɗa tana faɗuwa daga kan uba idan lokacinta ya shige, ba ta zama bashi, sai in alƙali ya riga ya yanke ta, ko kuwa wanda ya ciyar bai yi da nufin kyauta ba, uban kuma mawadaci ne a lokacin. Saboda haka uwa ta je gaban alƙali tun farko a yanke adadi, ta kuma kafa shaidu biyu cewa abin da take kashewa za ta nema.

Wallahu a'alamu.