Ladan Wanda Ya Yi Maka Aiki

 

'Yan'uwana Musulmi na Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, maganata ta yau a kan wurin neman abinci ce. A nan yankinmu wurin aiki shi ne gonar rani a gefen ruwan Tiga, da injin casar shinkafa a Tudun Wada, da garken shanu a dajin Ɗansoshiya, da ramin kuza a Riruwai, da gareji a Kwanar Dangora, da gidan da aka kai 'yarka aikatau a birni. Ko'ina cikinsu akwai mai sa aiki da mai yi, kuma tsakaninsu akwai haƙƙin da Allah zai tambaya.

A watan Yunin 2020, lokacin kullen korona, 'yan sanda sun shiga wani kamfanin shinkafa a Challawa, suka fito da ma'aikata fiye da 100 waɗanda aka rufe a ciki kusan wata uku. An yi musu alkawarin ƙarin kuɗi, aka hana su zuwa gida, wanda ya ƙi kuma aka yi masa barazanar kora. Duk wanda ya ji labarin ya yi tir. To amma ku lura, tsoron rasa abinci ne ya fara ɗaure bayin Allah nan kafin a sa kwaɗo a ƙofa. Wannan tsoron kuwa da shi ake ɗaure mutane a garuruwanmu kullum, ba ɗan sandan da yake zuwa.

Mugun wurin aiki tun ranar farko ake gane shi. Ka tambayi nawa ne ladanka, sai a ce maka, "Haba, ai kai ɗan gida ne, ba za mu ɓata ba." Ku dubi yaron kiwo. An karɓo shi daga hannun iyayensa da cewa in wa'adi ya cika za a ba shi maraƙi. Ya sha raɓa, ya sha ƙaya, ya kwana a buɗaɗɗen daji da sanda da gora, ƙafarsa duk faso. Ranar da wa'adi ya cika sai a tuna masa da saniyar da ta yi ciwo da damina, da ɓarnar da shanu suka yi a wata gona, a ce an cire a cikin rabonsa. Ba shaida, ba takarda. Ya koma gida da sandarsa.

Addininmu bai bar wannan ƙofa a buɗe ba. Ɗalibin da ya karanta Risala a zaure ya san cewa ijara tana inganta ne idan an ambaci lada kuma an yanke lokaci. A Suratul Ƙasas, da dattijon Madyana zai ɗauki Annabi Musa, alaihissalam, aiki, sai da suka yanke shekara 8, in ya cika 10 to ganin damarsa ne, dattijon kuma ya faɗa da bakinsa cewa ba ya nufin ya tsananta masa. Annabi ne guda, amma bai ga yanke ƙa'ida a matsayin rashin kunya ba. Don me kai za ka ji nauyin cewa, "Alhaji, mu yanka tukuna"?

Sai jan rai wajen biya. "Sai an sayar da amfani." "Ka dawo ran kasuwa." Mutum ya yi maka jinga ya gama, ka kai shanshera kasuwa ka karɓi kuɗi, ka canza babur, shi kuwa yana zarya ƙofar gidanka kamar mai bara. Ya zo a Bukhari cewa akwai mutum uku da Allah da kansa zai zama abokin shari'arsu ranar alƙiyama, cikinsu har da wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya karɓi aikinsa cikakke, ya hana shi ladansa. Alhaji, sahun farko da kake tsayawa da Umra da kake zuwa ba za su goge wannan ba, domin haƙƙin bawa sai bawan ya yafe.

Wani ubangidan yana biya, amma sai ya haɗa da zagi. Ya zagi uwar magidanci a gaban yaran da magidancin ya haifa, ya ce, "In ba ka so ga hanya nan, akwai dubunka a waje." Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, hidima shekara 10, ya kuma shaida cewa ko tsaki Annabi bai taɓa yi masa ba. Akwai kuma cutar da ba a ɗauke ta cuta ba: ka goya wa yaro tankin feshi, ba takalmi, ba abin rufe hanci, maganin yana zuba ta bayan rigarsa, da yamma ya dawo da jiri da jan ido, ka ce ya sha nono zai wuce. Lafiyarsa amana ce a hannunka.

Ga wadda ta fi duka muni, kuma ba a son faɗinta. Yarinya tana aikatau ko tana aiki a injin casa, maigida ko ɗansa ya riƙa neman ta da lalata, in ta ƙi a ƙulla mata sharrin sata. Iyayenmu mata, idan 'yarku ta dawo ta ce ba za ta koma gidan nan ba, kada ku fara da faɗa. Ku ja ta ɗaki ku tambaye ta a hankali. Kuɗin wata da dillaliya take kawo muku bai kai mutuncinta ba.

Su ma ma'aikata ba su kuɓuta ba. Sau da yawa abokin aiki ne yake kai gulma wajen maigida don a kori wani a ba ƙaninsa gurbin. Annamimanci ne, kuma kun san azabar kabarin da aka ambata a kansa.

To me wanda ya tsinci kansa a irin wannan wuri zai yi? Na san amsar da aka saba ba shi: "Ka yi haƙuri." Haƙuri ibada ne, ba mai musun haka. Sai dai ina jin tsoron mun mai da shi bargon da muke lulluɓe zalunci da shi, mu riƙa yi wa wanda aka cuta wa'azi, mu bar macucin yana shan shayi. Neman haƙƙinka ba ya ɓata haƙurinka. Ka yanke lada a gaban mutum biyu. Ka riƙa rubuta kwanakin aikinka da abin da ka karɓa, ko da ajami ne, ko a waya. In an taɓa haƙƙinka, ka fara samun maigida shi kaɗai, da ladabi, ba cikin taro ba. In ya ƙi ji, ga liman, ga mai unguwa da dagaci, ga arɗo in harkar kiwo ce. Daga nan akwai Hisba, akwai kotu, ma'aikacin gwamnati kuma yana da hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe ta jiha. In kuwa wurin ya kai ga taɓa sallarka ko mutuncinka ko lafiyarka, ka nemi wata hanyar ka tafi. Arziki ba a hannun mutum ɗaya Allah ya ajiye shi ba. Amma ka tafi da hannu tsarkakakke. Ka miƙa kayan aiki, ka ƙirga dabbobi a gaban shaidu, kada ka lalata komai don huce haushi.

Masu sa aiki, ku saurara. A 2024 an mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a ƙasa, Kano ta ce 71,000. Amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ke nan yaron kiwo da mai feshi da 'yar aikatau, mafi yawan mutanenmu, babu abin da ya tsaya tsakaninsu da cuta sai tsoron Allah da ke zukatanku.

Ku tuna mutum ukun nan da dutse ya rufe a kogo. Ɗayansu ya yi tawassuli da cewa ya taɓa ɗaukar ɗan ƙwadago a kan awon shinkafa, mutumin ya tafi bai karɓa ba. Sai ya shuka ta, ya yi ta juya ta har ta zama garken shanu da makiyayinsu. Da mai haƙƙi ya dawo, ya ce masa ya kora duka nasa ne, har mutumin ya zaci ba'a ake yi masa. Ya kora bai bar ko ɗaya ba. Da wannan tawassulin kuwa dutsen ya gusa. Shinkafa da shanu, 'yan'uwa, dukiyar da muke juyawa ke nan daga Tudun Wada zuwa Ɗansoshiya.

Don haka kowa ya zauna daren yau bayan isha'i ya lissafa waɗanda suka taɓa yi masa aiki bai cika musu ba, ko an shekara 10. Wanda yake raye a neme shi a biya shi, a kuma roƙi yafiyarsa. Wanda ya rasu a kai wa magadansa.